Labarin ƙasashen nesa: Matar da ta kafa bankin dabbobi

A kudancin ƙasar Amurka akwai wata jiha, sunanta Misisipi. Ƙasar auduga ce, mai laka baƙa ƙirin. A can ne aka bautar da baƙar fata da aka kwaso daga Afirka. An hana bauta a shekarar 1865, amma gonaki suka tsaya a hannun Turawa. Baƙin mutum sai ya yi noman raba-daidai: shi ke aiki, mai gona ya ɗauki rabi. A cikin rabin da ya rage ake cire kuɗin iri da na abincin da ya ci bashi. Mai gona ne ke riƙe da littafin lissafi. Kaka ta zo ta wuce, bashi na nan.

Wannan wahala ita ta haifi waƙar da ake kira buluz. Mutum ɗaya ne da gitarsa, yana faɗin ɓacin ransa: bashi, ambaliya, rabuwa da gida. A lardin Sunflower, a gandun Dockery, makaɗi Charley Patton ya yi suna, ya rasu a 1934. A lardin nan kuma, garin Indianola, aka binne B.B. King a 2015. Waƙarsu ta gama duniya, amma ba ta biya wa manomi bashinsa ba.

A wannan lardi aka yi wata mata, Fannie Lou Hamer. An haife ta a 1917, ita ce auta cikin ƴaƴa 20. Tana da shekara 6 ta fara tsinkar auduga. A watan Agusta na 1962 ta tafi Indianola don a rubuta sunanta cikin masu jefa ƙuri'a. Aka miƙa mata wani sashe na dokar jiha, aka ce ta kwafe shi, ta kuma fassara ma'anarsa. Tarko ne da aka ɗana wa baƙar fata. Aka ce ta faɗi. Da ta koma gida, mai gandu ya ce ko ta janye ko ta bar masa gonarsa. Shekara 18 tana masa aiki. A daren nan ta kwashe kayanta.

Ba ta karaya ba. Ta sake yin karatu, ta koma, ta ci jarrabawar a 1963. A shekarar nan ƴan sanda suka sa aka yi mata mugun duka a gidan kaso na Winona. A 1964 ta tsaya gaban manyan jam'iyyar Dimokurat ta ba da labarin, jama'a suna kallo a talabijin. A 1965 shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta kau da wannan jarrabawa.

To, amma ƙuri'a ba ta cika ciki. Injin tsinkar auduga ya shigo, masu gandu suna korar mutane. Wanda abincinsa ke hannun wani, bakinsa ma yana hannun wannan mutumin. Don haka a 1969 Fannie ta kafa gonar haɗin gwiwa, ta fara da hekta 16, daga baya aka ƙara wajen hekta 260. Aka shuka kayan lambu don gidajen talakawa.

Akwai kuma bankin dabbobi. Mutanen wurin ba Musulmi ba ne, alade shi ne dabbar gidansu. Wata ƙungiyar mata baƙar fata ta ba da na farko. Gida ya karɓi mace mai ciki, ya kiwata ta. In ta haihu, a maida wasu ƴaƴan banki don a ba wani gida, sauran na iyali ne. Babu ruwan kuɗi. Dabba tana samun kulawa, don mai kiwonta ya san hakkin maƙwabci na kanta. Makiyayan ƙasar nan sun san irin wannan, shi ne haɓɓanaye: a ara wa wanda ya rasa garke saniya, ya riƙe ƴaƴanta, ya maida uwar.

Gonar ba ta daɗe ba. Damina ta ɓaci, taimakon da ake samu daga nesa ya yanke, ita kanta Fannie ciwo ya kama ta. A 1976 aka rufe, ta rasu a 1977.

Akwai abin lura biyu a nan. Na ɗaya, ƙungiyar da ta jingina da hannun baƙo da ƙarfin mutum ɗaya, ranar da suka janye sai ta faɗi. Na biyu, wanda ya iya karatu da lissafi, ya kuma mallaki hatsinsa da dabbarsa, ba a yi masa ƙarya a littafi, ba a kuma saye bakinsa da tiya guda.