Waiwaye: Daga Talabijin Mai Ƙeya Zuwa Monita Mai Gudun 144

Idan kaka ta yi, buhunan masara da shinkafa da waken suya suka cika kasuwar hatsi ta Dandume, manyan motoci suka shiga lodi zuwa Kano da kudancin ƙasa, lokacin ne kuɗi ke shiga hannun samarinmu. Wani ya sayar da abin da ya noma a gayaunarsa, wani ya yi dako, wani ya yi dillanci. A da burin saurayi a irin wannan lokaci keke ne ko rediyo, daga baya ya koma babur da wayar hannu. Yanzu kuma ga wani rukuni ya fito. Ba su da yawa, amma kullum ƙaruwa suke yi, akasarinsu ɗaliban da suka je karatu Zariya ko Dutsin-Ma ko Katsina suka dawo da kwamfuta. Su burinsu monita ce ta buga gem, mai lamba 144 ko 165 ko 240 a jikin kwali, domin an gaya musu mai 60 ta tsufa. Ban ga laifin wannan buri ba. Amma Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya, kuma wanda ya san hanyar da allon gem ya biyo kafin ya iso garinmu zai fi sanin inda ya kamata ya zuba guminsa.

Mu fara da ma'anar lambar. Hoton da muke gani yana motsi a allo jerin hotuna ne tsayayyu da ake sauyawa da sauri har ido ya ɗauka motsi ne. Fim ɗin silima hoto 24 yake nunawa a sakan ɗaya. Adadin da allo ke iya sabunta hotonsa a kowane sakan shi ake aunawa da Hz, ma'aunin da aka raɗa wa sunan masanin kimiyya Bajamushe Heinrich Hertz. Monita mai 60 tana sabunta hoto sau 60 a sakan, mai 144 kuma sau 144. Idan aka raba sakan ɗaya gida dubu, kowane hoto a allo mai 60 yana tsayawa kusan kashi 16.7, a mai 144 kashi 6.9, a mai 240 kuma kashi 4.2. Bambancin gaskiya ne. Motsi yana yin sumul, abin da ke gudu ba ya dusashewa sosai, hannu da ido suna tafiya tare.

Wannan lissafi ya daɗe da shiga gidajenmu tun ba mu san sunansa ba. Talabijin ta fara aiki a Najeriya ranar 31 ga Oktoba, 1959, a Ibadan, ta iso Kaduna a 1962. Da mai launi ta zo, ƙasarmu ta bi tsarin PAL irin na Ingila da Jamus, wanda ke tafiya da 50, daidai da bugun wutar lantarkinmu. Amurka da Japan kuwa a lokacin suna kan tsarin NTSC mai tafiya da 60. To su na'urorin gem akasari daga Japan suka fito: Nintendo ta fitar da Famicom a 1983, Sega ta fitar da Mega Drive a 1988, Sony kuma ta fitar da PlayStation a Disambar 1994. Duk wanda ya zauna a gidan gem a Funtuwa ko Malumfashi a shekarun 1990 zai tuna yadda ake jona wata na'ura da talabijin mai ƙeya, hoto ya fito fari da baƙi, ko ya riƙa birgima daga sama zuwa ƙasa. Mai gida ya bubbugi akwatin, ya hura kaset, ya sauya waya, a banza. Na'urar lafiyarta ƙalau, talabijin ma haka. Matsalar ita ce ɗaya tana ba da 60, ɗaya kuma 50 ta iya karɓa.

Waɗanda aka gyara su don ƙasashen PAL ma da yawansu da nawa suka zo. Wasan da aka tsara shi ya yi tafiya 60 aka mayar da shi 50 yakan rage sauri da kusan kashi ɗaya cikin shida, har kiɗansa ya ja jiki, ga baƙin layi sama da ƙasa. Haka yaran Turai da na Najeriya suka buga Sonic, ya fi na yaran Tokyo sanyin gudu, kuma babu wanda ya rasa barci a kan haka. Ana biyan kuɗin zama, ana jiran layi, wanda aka ci ya miƙa hannun gem ga na bayansa.

Da PlayStation 2 ta fito a 2000, ƙwallon Winning Eleven da Pro Evolution Soccer na kamfanin Konami suka mamaye gidajen gem na Arewa. Daga nan sai talabijin shafaffiya, wadda muke kira filasma ko da ba filasma ba ce, ta fara korar mai ƙeya. Masu gidajen gem suka yi rige-rigen saye, domin ta fi kyan gani a bango kuma ta fi jan yara. Sai gwanayen wasa suka fara ƙorafin cewa hannu ya yi nauyi: ka danna, ɗan wasa bai buga ba sai bayan ɗan lokaci. Ba su yi ƙarya ba. Talabijin mai ƙeya tana zana hoto nan take da saƙo ya iso mata, shafaffiya kuwa sai ta tsaya ta sarrafa hoton kafin ta nuna shi, musamman samfuran farko. A ɓangaren kwamfuta ma haka aka yi. Manyan monitoci masu ƙeya suna iya yin 85 har 100, amma shafaffun da suka gaje su suka tsaya a 60 na shekaru masu yawa. Sai wajen 2009 aka fara ganin shafaffu masu 120 a kasuwa, a 2013 kuma samfurin Asus mai 144 ya yi suna a wajen 'yan gem. Ashe a wannan fuska sabon abu baya ya mayar da mutane, sai da aka yi shekaru kafin a kamo inda tsohon ya tsaya.

Darasin da ke cikin waɗannan labarai biyu ɗaya ne, kuma shi ne har gobe: allo ba ya ƙirƙirar hoto, abin da aka ba shi yake nunawa. Mu 'ya'yan manoma ne, mun san idan ka sayi iri mai tsada na zamani ka shuka a gonar da ba ka da takin ba ta, amfanin da za ka kwasa ba zai wuce na irin gida ba, kuɗin irin ne kawai ya tafi. Monita mai 144 tana buƙatar kwamfutar da za ta haifar mata da hoto 144 a kowane sakan, wannan kuma aikin katin hoto ne da ƙwaƙwalwar na'ura. Yawancin kwamfutocin da ke hannun samarinmu na hannu ne, irin na ofis, waɗanda ake sayowa a titin Beirut a Kano ko a Ikeja ta Legas. An ƙera su don rubutu da lissafi, ba su da katin hoto na musamman, da ƙyar suke kai hoto 60 a manyan wasanni. Ka jona irin wannan da monita mai 240, hoto 40 ko 50 ɗin da take iyawa shi za ka gani. Mai PlayStation 4 ma ya sani cewa na'urarsa ba ta fitar da fiye da 60. PlayStation 5, wadda ta fito a Nuwambar 2020, ita ke kai 120, shi ma a wasannin da aka tsara su haka.

A ƙarƙashin na'ura kuma akwai wuta. Monita ba ta da ci, wat 25 zuwa 40 kan ishe ta. Kwamfutar da za ta ciyar da ita hoto 144 kuwa tana iya jan wat 300 zuwa 500 idan wasa ya yi zafi. Wannan babban kaso ne na abin da ƙaramin janareta ke bayarwa, ga shi tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kowace awa a kan janareta sai an yi mata lissafi. Ba mu manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka samu matsala, jihohi da dama suka kwashe kwanaki cikin duhu. Ko a ranakun da ake da wuta, hawa da saukarta na iya kashe katin hoto a dare ɗaya. Wanda bai tanadi sitabilaiza ko batir da sola ba ya ajiye dukiyarsa ne a bakin hatsari.

Sai sabis. Wasannin harbi da aka fi neman allo mai sauri dominsu, irin su Counter-Strike da Valorant, a intanet ake buga su, kuma rumbunan da ke haɗa 'yan wasa suna nesa da mu, a Turai ko Gabas ta Tsakiya ko Afirka ta Kudu. Kafin saƙonka ya je ya dawo, sau da yawa yakan ɗauki fiye da kashi 100 cikin dubu na sakan. Tashi daga 60 zuwa 144 kashi 10 bai cika ba yake rage maka a kowane hoto, daga 144 zuwa 240 kuwa ko kashi 3 bai kai ba. Allo zai sa motsi ya yi daɗin kallo, amma ba zai matso da Jamus kusa da Dandume ba. Mu da muke wannan yanki mun fi kowa sanin darajar sabis. A Satumbar 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Dandume da Funtuwa da Sabuwa da Faskari da Malumfashi, ba a fara dawo da su ba sai a Disamba. A watannin nan mutane sun riƙa yin tafiya mai nisa don kiran waya ɗaya tak. Duk wasan da ya dogara da intanet ya mutu murus, gidajen gem masu ƙwallon mutum biyu a talabijin guda su ne suka ci gaba da tara yara.

Kada ƙannena su ɗauka ina hana su ci gaba ne. Gem ya zama sana'a a duniya. A 2024 birnin Riyad na Saudiyya ya karɓi gasar wasannin kwamfuta ta duniya, kyaututtukanta sun haura dala miliyan 60. Masu fafatawa a can suna amfani da allo mai 240 ko fiye, domin a wajensu ƙiftawar ido abinci ce, kuma wutarsu da na'urarsu da layinsu duk an riga an gyara. Wanda ya kammala waɗannan a nan gida, ya sayi mai 144 ko 165, zai ji daɗin kuɗinsa tun ranar farko, har wajen karatu da aikin zane. Sai dai ya kula da abubuwa uku. Na farko waya: tsohuwar VGA mai shuɗin kai ba ta wannan aiki ba ce, a nemi DisplayPort ko HDMI mai inganci. Na biyu saiti: Windows takan bar sabuwar monita a kan 60 har sai mai ita ya shiga saitin allo ya ɗaga lambar da hannunsa, kuma mutane da yawa suna zaune da mai 144 tana yi musu aikin mai 60 ba su sani ba. Na uku, idan ta hannu ce, a kunna ta a shago, a duba ta da farin shafi da baƙi don gano matattun ɗigo, a tabbatar lambar da ke kwali ita ce a saiti kafin a ƙirga kuɗi. Idan tana da FreeSync ko G-Sync, waɗanda ke daidaita saurin allo da na katin hoto don kada hoto ya riƙa tsagewa, wannan ƙarin alheri ne.

Abin da ya fi faranta mini rai a wannan tafiya shi ne yaran da suka tsaya suka fahimci dalilin da ya sa hoto ke birgima, suka buɗe na'ura suka ga cikinta. Daga cikin irinsu aka samu masu gyaran talabijin, masu gyaran waya, masu haɗa sola da masu saita kwamfuta a garuruwanmu. Saurayin da ya iya bambance matsalar kati da ta waya da ta sabis ya mallaki abin da zai ci abinci da shi ko da ya daina buga gem. Iyaye su ma su gane haka, su daina kallon na'urar a matsayin abokiyar gaba, su sa mata ƙa'ida kawai: kada ta ci lokacin salla, da na makaranta, da na gona.

Saboda haka, ya kai ƙanena da ka sayar da masararka kana shirin hawa motar Kano, ka bi abin daki-daki. Fara da wuta, ka bi da na'ura, ka duba sabis ɗin unguwarku, sannan ka zo kan allo. Kafin ka fita, kunna wasan da ka fi bugawa ka duba hoto nawa kwamfutarka ke fitarwa a sakan. Idan bai wuce 60 ba, monitarka ta yanzu ta ishe ka, kuɗin ya tafi wajen gyaran tushe ko takin baɗi. Idan ya haura 100, je ka sayi mai 144, Allah ya sa albarka.