Ra'ayinmu: A Tattara Hausar Gadarif Tun Dattawa Na Raye

Hausawan Gadarif, jihar dawa da riɗi a gabashin Sudan, jikokin maniyyata ne da suka nufi Makka a ƙasa, da kuma mabiya Sarkin Musulmi Attahiru da suka yi gabas bayan yaƙin Burmi a 1903. Zaman fiye da shekara ɗari ya cika bakinsu da Larabcin Sudan, kamar yadda masani Al-Amin Abu-Manga ya nuna a littafinsa na 1999 kan Hausa a Sudan. Wannan ne ya raba kan masu kishin harshe.

Wasu na ganin lalacewa ce. Suna da hujja: yaron da ya yi karatu da Larabci, ya ci kasuwa da Larabci, har ya saba cewa simsim a maimakon riɗi, gobe da wuya ya bambance gafiya da ɓera, ko ya san sunan tsuntsun da ke cinye masa dawa. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ƙara tarwatsa iyalai, ya raba jikoki da kakanni.

Wasu kuma sun ce aro ba sata ba ne. Albasa, alkama da alƙalami duk daga Larabci suka zo, yau kuwa ba mai kiran su baƙi.

Mu a ganinmu, masu kare aro sun fi gaskiya, amma fargabar na farko ba ta banza ba ce. Maganinta rubutu ne, ba gori ba. Ga misali: a harshen mutanen Ayilan, 'yar dabbar nan mai kama da ɓera da ke haƙa rami ƙarƙashin ƙasa sunanta caochán, daga caoch, wato makaho, saboda ƙanƙantar idanunta. Dabbar ba ta rayuwa a tsibirin, amma sunanta da tushensa na cikin ƙamus, domin al'ummar ta ɗauki kalmominta da daraja. A can, daga 1937 zuwa 1939, 'yan makaranta aka tura suka rubuto abin da ke bakin tsofaffi.

Jami'ar Gadarif da Jami'ar Bayero ta Kano za su iya yin haka. A ba ɗalibai waya da littafi, su shiga gonaki da zaurukan dattawa, su ɗauko sunayen dabbobi, tsuntsaye da ciyayi, na gado da na aro, kowanne da asalinsa. Aikin ba ya buƙatar maƙudan kuɗi. Lokaci ne kaɗai ya yi ƙaranci, don haka a fara a wannan kaka.