Kai Iyali Japan Kallon Fure: Almubazzaranci Ne Ko Ilimi?

'Yan uwana mazauna Sabon Ibadan, Agege, Idi-Araba, Shagamu da sauran zangunanmu na Kudu.

A wajen mutanenmu tafiya uku ce kawai ta cancanci a kashe mata kuɗin jirgi: aikin Hajji ko Umara, saro kaya, sai kuma neman magani. Duk wanda ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa ya kai su wata ƙasa don su ga gari kawai, to sai ka ji ana cewa kuɗi sun yi masa yawa. An faɗi haka a kan mahaifinmu da ya kai mu Japan bayan ƙaramar Sallah ta 2025, har wani ya ce wai a rasa abin yi da dukiya sai kallon fure. Ni dai ra'ayina shi ne, ga mai hali wannan tafiya ilimi ce, kuma mu da muke zaune a garin wasu mun fi kowa buƙatar irinta. Ga dalilaina.

Da farko bari in gyara wata fahimta. Abin da ake kira bazara a can ya sha bamban da tamu mai zafi. Lokaci ne da sanyi ke janyewa, daga Maris zuwa Mayu, kuma a ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu itatuwan sakura ke fitar da fure fari mai ratsin ja. Furen ba ya daɗewa, idan ya cika, mako guda ko kwana goma ya fara zuba. Hukumar yanayi ta ƙasar ce ma take sanar da ranar da ya fara buɗewa, a Tokyo kuwa wani icce guda ake dubawa a harabar Yasukuni. A watan Afrilun ne kuma makarantu ke buɗe sabuwar shekara, sababbin ma'aikata su kama aiki. Wato wanda ya je a lokacin zai tarar da mutanen ƙasar a waje da iyalansu, sun shimfiɗa leda a gindin itatuwa suna cin abinci. Sunan wannan al'ada hanami.

To abin lura a nan ya wuce furen. A lambun Ueno da ke Tokyo mun ga taron da ya kai na filin Idi, amma da wuya ka ga kwandon shara a titunan garin, domin an kwashe da yawansu bayan harin iskar guba da aka kai a jirgin ƙarƙashin ƙasa a 1995. Kowa ƙulle shararsa yake yi ya tafi da ita gida. Shekara nawa iyayenmu mata suke faɗa da yara a kan jefar da ledar ruwa a kwata? Ƙannena kwana biyu suka yi a can suka fara cusa bawon alewa a aljihu ba tare da an ce musu komai ba. Gani ya kori ji.

Na biyu, jirgin ƙasa. Layin Shinkansen tsakanin Tokyo da Osaka an buɗe shi tun 1964, nisansa ya haura kilomita 500, kuma jirgi mafi sauri yana cinye shi cikin kimanin awa biyu da rabi. Jirgin Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021, mai kilomita 157, kusan lokacin da yake ɗauka ke nan. Ba don raina namu na kawo wannan ba. Mun taso muna ganin Toyota da Honda da Yamaha a kasuwa, iyayenmu na cin abinci da kayansu, amma yaronmu bai taɓa tunanin mutane ne kamarsa suka zauna suka ƙera su ba. Yaron da ya ga jirgi ya tsaya daidai kan alamar da aka zana a ƙasa, a daidai mintin da aka rubuta, zai dawo da tambayoyin da malamin aji bai taɓa sa shi yi ba.

Na uku, kuma wanda ya fi tsaya mini a rai, shi ne masallacin Kobe. An buɗe shi a 1935, kuma 'yan kasuwa baƙi ne suka haɗa kuɗi suka gina shi, Indiyawa da Tatar da Turkawa. Ya tsira daga ruwan bama-baman 1945, ya kuma tsira daga girgizar ƙasar Janairun 1995 da ta kashe mutum fiye da 6,000. Da aka ba mu tarihin, ƙanwata ta ce, "Yaya, ashe su ma 'yan Sabo ne." Wallahi gaskiya ta faɗa. Fatake ne suka je garin wasu, suka zauna lafiya da masu gari, suka bar abin da ake sallah a cikinsa shekara 90 bayansu. Yaranmu da ake kira baƙi a nan, idan sun je gida Arewa kuma a ce musu 'yan Kudu, suna buƙatar su ga cewa zaman baƙunta ba abin kunya ba ne.

Sai Hiroshima. Ranar 6 ga Agustan 1945 Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya a garin, kuma kafin ƙarshen shekarar kimanin mutum 140,000 sun mutu. Sun bar kangon gini guda a bakin kogi yadda bam ɗin ya bar shi, ga gidan tarihi kusa da shi mai ɗauke da ƙonannun kayan 'yan makaranta. Mu da muka ga abin da ya faru a kasuwar Shasha a Fabrairun 2021 mun san yadda ƙaramar rigima ke cinye dukiyar shekara talatin a yini guda. Matashin da ya zagaya wannan gidan tarihi, ina ganin zai yi tunani kafin ya ɗauki gora don an zuga shi.

Yanzu ga hujjojin masu suka, kuma wasu a cikinsu gaskiya ne. Tafiyar tana da tsada. Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Najeriya, sai an ya da zango a irin su Addis Ababa ko Doha, ga biza, ga masauki da ke ƙara kuɗi a lokacin fure. Tikitin jirgin ƙasa na mako guda da ake sayar wa baƙi ya koma yen 50,000 a Oktoban 2023. Don haka wanda bai sauke farali ba, ko ake bin sa bashi, ko kuɗin makarantar yara ke gagararsa, ba da shi nake ba. Maganar addini ma tana nan. Romon taliyar ramen galibi na alade ne, kuma ana sa giyar shinkafa a girki da yawa, dole sai an yi tambaya an nemi gidajen abincin halal. Kyoto, wadda ta zama babban birninsu tun shekarar 794 har fiye da shekara dubu, cike take da wuraren bautarsu. Mu gini da tarihi muka kalla, Hajiya kuwa ta ce a waje za ta jira mu, babu wanda ya matsa mata. Cunkoso ma akwai, domin baƙi kusan miliyan 37 ne suka shiga ƙasar a 2024. Su ma Japanawan suna da nasu ciwon: tsofaffi sun yi yawa, haihuwa ta ragu, aiki ya hana su zumunci. A nan mun fi su, kuma yana da kyau yaro ya ga wannan ma.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce maigida ya zagaya Dubai da Guangzhou sau goma, matarsa kuwa ba ta san ko'ina ba sai hanyar Ibadan zuwa Kano a motar dare. Kuɗin da ake kashewa a biki guda, da anko da kayan ɗaki na gasa, babu mai kiran su almubazzaranci. Wanda ba shi da halin Japan ya fara da abin da ke kusa, ya ɗauki yara a jirgin ƙasa zuwa Abeokuta su hau dutsen Olumo, ko ya kai su gidan namun daji na Jami'ar Ibadan. Yara nawa ne aka haifa a Sabo da ba su taɓa shiga can ba?

Wanda yake da ra'ayi saɓanin nawa, ina maraba da shi. Allah Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, Ya sa albarka a kasuwannin iyayenmu.

Wassalam, naku ɗan Sabo.