Ba A Ciniki Da Aljani

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin iyaye, har da waɗansu dattawan ikilisiya. In ka ce su duba abin da yara suke bugawa a waya, sai su ce, "Ai wasa ne kawai." Ban yarda da wannan magana ba, zan kuwa faɗi dalilina a fili.

Gaskiya ne, yawancin yaranmu a Maga, da Yagoua, da Garoua ƙwallo suke bugawa a gidan gem, ba ni da faɗa da wannan. Amma masu tura fim a waya suna tura wasanni da katun na Japan, yara kuma suna kallon hotunan waɗansu wasannin a intanet. A cikinsu akwai wani jerin wasanni da ya kamata kowane mai bi ya san labarinsa. Sunansa Shin Megami Tensei, na kamfanin Atlus, wanda yake ƙarƙashin kamfanin Sega tun 2013. Tushensa wani littafin ƙagaggen labari ne da Aya Nishitani ya fitar a 1986. Wasan farko ya fito a 1987, Shin Megami Tensei ya biyo a 1992, na biyar ɗinsa kuma a 2021. Persona, wanda samari suka fi sani, reshe ne na wannan itace, ya soma a 1996.

To, mene ne aikin aljanu a ciki? A wasanni da yawa dodo abokin gāba ne, ka kashe shi ka wuce. A nan ba haka ba ne. In ka gamu da aljani, kana iya yi masa magana. Zai yi maka tambaya, ya roƙi kuɗi, ko kaya, ko wani yanki na ƙarfin ranka. In ka faranta masa rai sai ya shiga ƙungiyarka, ka riƙa kiransa ta na'ura ya yi maka yaƙi. In ya kāsa, ka kai shi wani haikali a gama shi da wani aljani, a fitar da wanda ya fi su ƙarfi. Wani lokaci har a miƙa na uku hadaya. Kusan duk nasarar mai wasa ta rataya a kan gwanintarsa ta lallashi da ciniki.

Ku dattawa, wannan bai yi muku kama da wani abu ba? Ashe, ba haka bori yake ba? Kowane iska da sunansa, da kiɗansa, da launin dabbar da yake so: Sarkin Rafi, Ɗan Galadima, Inna, Kuturu. A ba shi abin da ya nema, shi kuma ya ba da lafiya ko sa'a. Haka waɗansu kakanninmu suka riƙa zuba wa ruwan Logone hadaya kafin su jefa koma. Suka rayu cikin tsoro, gama iska ba ya ƙoshi, bana akuya, baɗi sa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Daga wannan bauta ce bishara ta fisshe su, tun lokacin da masu mishan na Lutheran suka iso ƙasar Yagoua da Garoua a shekarun 1920. Yanzu kuma mu bar jikokinsu su koyi cinikin nan da yatsa, mu ce wasa ne?

Abu na biyu ya fi wannan muni. A cikin wasan, suna ɗaya aka ba dukan ruhohi, wato aljanu. Mika'ilu, da Jibra'ilu, da Lusifa, da gumakan Indiya da na Masar, duk a jeri guda suke, kowa da lambar ƙarfinsa kamar awaki a kasuwar Pouss. A fitowar 2024 sun ƙara Anansi na tatsuniyoyin Gana, har da Onyankopon, sunan da 'yan'uwanmu Kirista na Asante suke kiran Allah da shi cikin sujada. An shirya labarin a kan hanya uku. Hanyar Doka ta mala'iku ce, an nuna su marasa tausayi, masu son mayar da mutane bayi. Hanyar Hargitsi ta Lusifa ce, an nuna shi mai neman 'yanci. Ta uku ita ce mutum ya ƙi su duka, ya dogara ga kansa. A wasan 1990, da na 1994, da wani na 2016, babban abokin gāba na ƙarshe yana ɗauke da haruffa huɗu na sunan nan mai tsarki da Allah ya bayyana wa Musa, aikin mai wasa kuwa shi ne ya kā da shi. A Japan, inda Kirista ba su wuce wajen mutum 1 cikin 100 ba, mai yiwuwa ana ɗaukar wannan kamar tatsuniyar baƙi. Ga yaron da aka yi wa baftisma cikin sunan nan, ƙaryar macijin gonar Aidan ce aka sāke wa riga.

Wani zai ce, "Malam, wanda ya buga ƙwallo a gem ai ba ya zama Samuel Eto'o." Haka ne. Amma ka tambaye shi sunayen 'yan wasa, zai jero maka su ba tuntuɓe, zuciyarsa kuma ta riga ta kamu da ƙwallo. Abin da mutum ya daɗe yana maimaitawa, shi yake zauna masa a zuci. Persona 5 yana cin wajen sa'a 100 kafin a kai ƙarshensa. Ajin katikisma na sa'a ɗaya a mako, sa'a 52 ke nan a shekara, in yaro bai yi fashi ko sau ɗaya ba. Ku auna da kanku. A Amurka ma an rubuta a kwalinsa cewa na 'yan shekara 17 ne zuwa sama. A nan wa yake dubawa?

Sai dai ina da magana da wani ɓangare kuma. Akwai masu wa'azi na yawo da suke cewa aljani yana zaune a cikin wayar, a kawo ta su yi mata addu'a, a biya kuɗi, a sayi kwalbar mai. Wannan ma ciniki ne, irin na Siman mai sihiri da ya so sayen baiwar Allah da kuɗi (Ayyukan Manzanni 8). Manzo Bulus ya koya mana cewa gunki ba kome ba ne (1 Korantiyawa 8), hoto a gilashi kuwa bai fi gunki ƙarfi ba. Amma shi Bulus ɗin ne ya hana mu cuɗanya da aljanu a sura ta 10. Hatsarin yana cikin koyarwar da take shiga zuciya. Wanda ya fasa waya ya bar koyarwar, ya kashe maciji bai sare kansa ba.

Ku duba Ubangijinmu. A majami'ar Kafarnahum bai tambayi baƙin aljan abin da yake so ba, ya tsawata masa, ya hana shi magana, ya kore shi (Markus 1). 'Ya'ya bakwai na Siba suka so su mori sunan Yesu kamar laya, aljani ya fatattake su tsirara. Masu bi na Afisa da suka ga haka, su da kansu suka tara littattafansu na sihiri suka ƙone, kuɗinsu ya kai azurfa 50,000 (Ayyukan Manzanni 19). Ba wanda ya tilasta musu, fahimta ce ta sa su.

Saboda haka, ya uba, ya uwa, ajiye bulala tukuna. Zauna da yaronka, ka ce ya nuna maka abin da yake bugawa. Tambaye shi, wane ne nagari a labarin, wane ne mugu, me ake biya kafin a sami iko? Sa'an nan ka buɗe masa Kolosiyawa 2, ya ga yadda Almasihu ya tuɓe wa ikokin duhu makamansu a kan gicciye, ba da ciniki ba. In ya gane, shi da kansa zai share wasan. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu masu koyarwa kuma, mu daina tsallake darasin mala'iku da aljanu don muna jin nauyinsa, gama in mun yi shiru, wani a Tokiyo ya riga ya shirya nasa darasin.

Allah ya ba mu hikima, ya tsare 'ya'yanmu daga Mugun. Amin.