Darasin Kwarin Aƙiƙ Ga Mutanen Zango



Duk alhajin da ya tashi daga Madina zuwa Makka ya taka Aƙiƙ, ko ya san sunan ko bai sani ba, domin Zul Hulaifa, watau Abyar Ali inda a ke ɗaura harami, a cikin wannan kwari ya ke. Ya tabbata a Sahihul Buhari an umarci Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla a wurin, aka kuma kira shi kwari mai albarka. A gidansa na Aƙiƙ Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya rasu, aka ɗauko shi zuwa Baƙi'a. A nan kuma Urwatu ɗan Zubairu ya gina gida ya haƙa rijiya, shi kuwa yana cikin na farkon da su ka tattara labarin rayuwar Annabi, yana faɗin wanda ya ji daga bakinsa, musamman gwaggonsa ta wajen uwa, Nana A'isha.

Mutanen Madina ba su bar wannan gado ya kwanta ba. Tun wajen shekarun 1950 waɗansu marubutan garin su ka riƙa zama tare, su ka ba kansu suna Iyalin Kwari Mai Albarka. A 1975 aka kafa Ƙungiyar Adabi ta Madina, ta kuma sha kiran taron masana da sunan Aƙiƙ. A 2022 aka fara bajekolin littattafai na Madina, inda mawallafi kan zauna gaban jama'a ya yi bayanin littafinsa, a yi masa tambaya ya ba da amsa. Kusa da Masallacin Annabi kuwa, a 2021, an buɗe gidan nuna tarihin Manzo, inda a ke haska labarin a allon majigi ba tare da an nuna surarsa ba.

To, jama'a, mu fa? Kowace shekara mutanenmu su kan dawo daga can da dabino da tasbaha da darduma, madalla. Ra'ayinmu shi ne lokaci ya yi da za mu ɗauko wannan al'ada ita ma, mu riƙa yin taron tarihin zango sau ɗaya a shekara, da rana a ji marubuta da dattawa, da dare a haska majigi.

Kada wani ya ce ba mu da abin faɗi. Kakanninmu fatake ne su ka bi hanyar Gwanja da jakuna, su ka kai kanwa da tufafi da fatu, su ka koma da goro. Da yaƙi ya watsa Salaga a 1892, malamai da 'yan kasuwa su ka bazu zuwa Kete-Karachi da Yandi da sauran garuruwa. A cikinsu akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya rasu a Kete-Karachi a 1934. Ya rubuta labarin ƙasar Hausa da al'adunta da ajami, wani Bajamushe mai suna Mischlich ya karɓa, aka buga waɗansu a Berlin. Yau mutum nawa ne a zango su ka taɓa jin an karanta musu ko shafi ɗaya? A shekarun 1960 Jami'ar Legon ta bi gidajen malamai ta ɗauki hoton ɗaruruwan takardun Larabci da na ajami. Suna can, baƙi daga Ingila da Amurka na zuwa suna samun digiri da su, jikokin masu takardun kuwa ba su san hanyar ɗakin ba.

Ga abin da ya sa wannan magana ta fi ƙarfin hira. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar izini mako biyu su bar Gana. Dubban mutane su ka sayar da kayansu da araha su ka tafi, har da waɗanda aka haifa a nan ba su san wata ƙasa ba. Ko yau, in an zo neman katin ɗan ƙasa ko shari'ar fili, akan tambayi ɗan zango daga ina ya fito, sai ya kasa faɗin shekarar da kakansa ya sauka, ko sarkin da ya ba su wurin zama. Wanda bai iya faɗin asalinsa ba, kowa ya ga dama sai ya raɗa masa suna baƙo.

Mun san waɗansu malamanmu za su ce majigi wasa ne da ɓata lokaci, kuma ba mu raina maganarsu ba, gama sun ga abin da silima ta yi wa tarbiyyar yara. Amma a duba. Wajen 1954 wani Bafaranshe, Jean Rouch, ya ɗauki fim na 'yan ci-rani daga Nijar masu borin Hauka a Ankara, ya kai shi Turai, da wannan ido mutane da yawa su ka fara kallon baƙin bakin teku. Babu wanda ya ɗauki malamin da ya karantar da yara shekara arba'in a zaure. A Nijeriya kuwa, a 1976, Adamu Halilu ya mai da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim, har wanda bai iya karatu ba ya ga yadda cinikin bayi ya raba uwa da ɗa. Gani ya kori ji. Yaranmu dai suna kallo dare da rana a wayoyinsu, abin da ya rage mana shi ne mu zaɓi abin da za mu sa a gabansu.

Sai dai akwai sharuɗɗa. Na farko, duk wanda ya tashi magana ya bi sunnar Urwatu, ya faɗi daga wa ya ji, ko a wace takarda ya gani. Na biyu, taron ba wurin kirari ba ne. In an faɗi alherin kasuwar Salaga, a faɗi cewa an sayar da bayi a cikinta. In an zo kan rigimar sarautar zango ko ta limanci, a ji kowane ɓangare, Hausawa da Zabarmawa da Mosawa da Wangarawa da Yarbawa da Kotokoli, domin zango na kowa ne. Na uku, takardun gado kada a raba su da masu su, a ɗauki hotonsu a gaban mai gida a mayar masa. Na huɗu, a ware wa mata wurinsu da lokacinsu na magana, gama tsofaffin mata su ne su ka riƙe salsalar gidaje.

Abin bai fi ƙarfinmu ba. Farfajiyar makarantar Islamiyya ta isa, da farin ƙyalle, da na'urar haskawa ta haya. Samari su bi dattawa gida gida da wayoyinsu tun yanzu su ɗauki muryarsu. 'Yan kasuwar goro da na shanu da na hatsi kuwa, su da kakanninsu su ka kafa zango, su ne ya kamata su fara sa hannu a aljihu. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan babbar salla, sa'ad da alhazai su ka dawo.

An ruwaito Annabi ya ba Bilalu ɗan Harisu Almuzani filin Aƙiƙ. Da zamanin Sayyidina Umaru ya zo, ya ga bai iya nome shi duka ba, sai ya bar masa abin da ya raya, ya raba sauran ga Musulmi. Haka gado ya ke, wanda ba a raya ba yakan koma hannun wani. Kowace shekara muna binne dattijon da ya san yadda aka kafa unguwa, gara kuma tana cin takardun da ya bari a akwati.

Muna roƙon sarakunan zango da limamai su tayar da wannan magana a zamansu na gaba, a naɗa mutanen da za su riƙe aikin. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe amanarsu. Wassalam.