Na'urar Tace Wuta Ba Ta Ƙara Wa Sauti Daɗi, A Daina Yaudarar Mutanenmu

Yau maganar kayan sauti zan yi, kuma na san akwai waɗanda ba za su ji daɗinta ba. Wani yayi ne ya shigo cikin 'yan'uwanmu mazauna Legas, daga Agege zuwa Idi-Araba har Mile 12, musamman samari masu shirin aure da waɗanda Allah ya ɗan buɗa wa. Mutum ya sayi amfilifaya da sifiku na falo, sai mai shago ya jawo wani baƙin akwati mai soket takwas a baya da 'yar fitila shuɗiya a gaba, ya ce wannan kondishina ce, tana tace wuta, in babu ita ba za ka taɓa jin ainihin sautin kayanka ba. Wani maƙwabcinmu ya ba da kuɗin da ya fi na amfilifayar tasa a kan irin wannan akwati. Ni dai ra'ayina a fili yake: wannan cinikin biri a sama ne.

Babanmu goro yake sayarwa, kuma tun ina yaro ban taɓa ganin ya karɓi huhu bai sa an kwance ya duba ba. To mu ma mu kwance wannan huhun.

Wutar da ke zuwa gidajenmu a Nijeriya ya kamata ta zama bolt 230, tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa guda. Amfilifaya ba ta aiki da wutar nan yadda ta zo. Tana shiga sai taransifomar da ke ciki ta rage ta, wasu 'yan ƙananan abubuwa su miƙar da ita ta daina kai da komo, sannan a tara ta a cikin kafasita, waɗannan masu kama da gwangwanin madara da za ka gani in mai gyara ya buɗe murfi. Daga nan ne sauti yake ɗiban abin da yake bukata. Kamar mai ruwa ne ya juye jarka a randa. Ko da garaje ya juye ko a hankali, kai da ka zo da moɗa daga baya ruwan randa ka sha. Injiniyan da ya ƙera amfilifayar ya san wutar duniya ba ta da tsabta, shi ya sa ya gina matatarsa a ciki tun daga masana'anta, kuma kuɗinta yana cikin kuɗin da ka riga ka biya.

Ita kuwa kondishinar, yawancinsu abin da suke tacewa wani hayaniya ne mai tsananin sauri da ke hawa kan wayar wuta, wanda ya wuce inda kunnen ɗan Adam yake kaiwa nesa ba kusa ba. Kunne mai lafiya yana ji ne daga kaɗawa 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa, mu da muka girma kusa da janareta da hon ɗin Danfo ma Allah kaɗai ya san abin da ya rage mana. Wani injiniya a Amurka, Amir Majidimehr, wanda ya taɓa riƙe babban muƙami a Microsoft, ya gwada irin waɗannan na'urori na manyan kamfanoni kamar PS Audio da AudioQuest da kayan awo. Ya auna abin da ke fita daga kayan sauti da na'urar a haɗe, ya auna babu ita, bai sami bambancin da kunne zai iya kamawa ba. Waɗannan fa na dubban daloli ne wasunsu, ba irin wanda ake liƙa wa takarda a bayan shago ba.

Na san abin da za a ce mini: ai ni da kunnena na ji bambanci. Ban ce ƙarya kake yi ba Malam. Amma ka tuna yadda aka yi gwajin. Mai shago ya kunna maka waƙa, ya kashe, ya sunkuya ya canza waya, ya yi maka bayani na minti biyu kan yadda ganga za ta fito, sannan ya sake kunnawa. Kunne ba ya riƙe ainihin kamannin sauti sai na 'yan daƙiƙu. Kuma in aka ɗan murɗa ƙara sama kaɗan, ko da ba ka lura ba, sai ka ji kamar sautin ya fi cika. Mu kan ce gani ya kori ji, to a nan ganin ne yake ɓata jin, domin ido ya ga akwati mai nauyi da farashi mai nauyi, zuciya ta riga ta yanke hukunci. Tun 1982 wani injiniya mai suna David Clark ya fitar da bayanin hanyar gwaji da ake kira ABX saboda wannan matsala, wato a sa ka saurara ba tare da ka san wanne aka haɗa ba. Kai ma za ka iya yi a falonka. Ka juya baya, ƙaninka ya riƙa canza fulogin tsakanin bango da akwatin ba tare da ya taɓa ƙara ba, sau goma, kana faɗa yana rubutawa. In ka ci tara, ka zo ka same ni. In biyar ka ci, to canki-canka ka yi. Ka nemi mai shago ya yarda da wannan gwaji kafin ka biya, ka ga yadda fuskarsa za ta canza.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, muna da matsalar wuta ta gaske, kuma da ita ake fakewa a sayar mana da abin da ba maganinta ba ne. NEPA ta koma PHCN a 2005, aka sayar da kamfanonin rabawa a 2013, mu dai har yau NEPA muke cewa, kuma har yau akwai unguwannin da fitila take ja kamar garwashi da magariba. In wuta ta sauko daga 230 zuwa 160, amfilifaya mai taransifoma ba za ta iya ba da ko rabin ƙarfinta ba, kana ƙara murya sai ta fara kakari. Wannan gaskiya ne. Amma aikin sitabilaiza ne wannan, wadda kowa ya sani, wadda take ƙarƙashin firij ɗin kowace uwargida. Kondishina irin wadda ake tallata mana ba ta ɗaga wuta. 160 ta shiga, 160 za ta fito. Sitabilaizar ma a sayi wadda ƙarfinta ya fi na kayan da za a ɗora mata, don ƙarama shaƙe amfilifaya take yi. Sababbin talabijin da wasu kayan kuma, in ka duba bayansu za ka ga an rubuta 100 zuwa 240, su ko a jikinsu.

Haka nan kariya daga wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke. Wannan ya kamata kowa ya yi, da abin kariya mai jinkirta wuta na 'yan mintuna, kuma ba shi da tsada. Sai dai kare kaya daga ƙonewa daban, ƙara wa sauti daɗi daban. Mai shago yana haɗa su a jimla ɗaya ne don ka kasa rabewa.

Sai gurnanin nan da sifika take yi ko ba a sa komai ba, huuum. Shi ne ya fi kai mutane ga sayen akwatin. Sau da yawa daga wayar dish yake zuwa, ko don an haɗa dikoda a wani soket, amfilifaya a wani, ko kuma gidan ba shi da wayar ƙasa gaba ɗaya, abin da ya zama ruwan dare a gidajen hayar da muke zaune. Ka zare wayar dish ɗin ka saurara. In gurnanin ya ɗauke ka gano ɓarawonka, kuma akwai ɗan abin da ake sa wa a kan wayar ya raba su, bai kai kuɗin cefanen sati ba. In kuma inbata ce mai araha wadda wutarta ba ta fita sumul, ko ƙaramin janaretan nan da ake wa kirari da na-fi-maƙwabcina, to daga tushe abin ya lalace, sai dai a canza tushen.

Akwai ma haɗari. Cikin kayan tokumbo da ke shigowa Alaba da sauran kasuwanni akwai waɗanda aka yi don Amurka, inda wutarsu bolt 120 ce. Ka ɗauki kondishinar da aka yi wa 120 ka cusa a 230, abin kariyar da ke cikinta ne zai fara toyewa, wani lokacin da hayaƙi. A karanta abin da aka rubuta a baya kafin a haɗa kowane irin kaya.

Wanda yake son sautinsa ya gyaru da gaske, ya fara da abin da ba ya cin kobo. Ka fito da sifikun daga lungu, ka raba su, su fuskanci inda kake zama, kada ɗaya a kan firij ɗaya a bayan kujera. Falon tayil da bango tsirara amsa-kuwwa yake yi, darduma da labule masu kauri sun fi kowane akwati aiki. Sannan ka dubi abin da kake kunnawa. Waƙar da aka kwafo daga tsohon kaset, ta bi ta waya goma a WhatsApp kafin ta iso gare ka, ta riga ta rasa abin da ta rasa. Alhaji Mamman Shata ya rasu tun 1999, shuuu ɗin da ke cikin wasu tsofaffin faya-fayansa a jikin ɗaukar yake, ba daga soket ɗinka yake fitowa ba. In kuwa kuɗin ne suke ƙaiƙayi a aljihu, a ƙara su a kan sifiku masu kyau, a kira mai gyaran wuta ya kafa wa gidan wayar ƙasa, a raba kuɗin aikin da sauran 'yan haya.