Ƙuri'ar Mazauna Mararaba Da Karu

Duk wanda ya bi hanyar Keffi zuwa Abuja da asubar fari ya san irin cincirindon jama'ar da ke fitowa daga Masaka, da Ado, da Mararaba suna neman motar shiga birni. Da yawansu ma'aikatan gwamnati ne, da 'yan kasuwa, da masu sana'ar hannu. A Jihar Nasarawa suke kwana, a Babban Birnin Tarayya suke wuni. Zaɓen 2023 ya nuna cewa ƙuri'arsu ta isa ta juya sakamakon jiha guda, saboda haka ya kamata a dube ta da idon basira.

Waɗannan garuruwa na Ƙaramar Hukumar Karu ƙauyukan noma ne a da, na Gbagyi da maƙwabtansu. Ƙaurar da Gwamnatin Tarayya ta yi daga Ikko zuwa Abuja ran 12 ga Disamba, 1991, ita ce ta fara cika su, domin kuɗin hayar gida a cikin birni ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Rushe-rushen gine-ginen da aka yi a Abuja tsakanin 2003 da 2007 ya ƙara turo dubban mutane. Ƙidayar 2006 ta ba Karu mutum 200,000 da 'yan kai, amma wanda ya ga wurin a yau ya san wannan lissafi ya daɗe da tsufa.

A zaɓen shugaban ƙasa na ran 25 ga Fabrairu, 2023, Peter Obi na jam'iyyar LP ya lashe Jihar Nasarawa da ƙuri'a 191,361, Bola Tinubu na APC ya sami 172,922, Atiku Abubakar na PDP kuma 147,093. Karu tana cikin wuraren da suka ba Obi wannan rinjaye, a jihar da shugaban APC na ƙasa na lokacin, Sanata Abdullahi Adamu, ya fito. A ƙetaren iyaka ma haka abin ya kasance, gama Obi ya sami 281,717 a Babban Birnin Tarayya, watau fiye da abin da manyan abokan takararsa biyu suka samu a haɗe.

Masu sharhi da dama sun yi saurin cewa ƙabila ce da addini. Ba mu musanta cewa suna da tasiri ba, musamman a shekarar da APC ta tsayar da Musulmi biyu. To, amma fa a wannan rana guda, mazaɓar Nasarawa ta Yamma, wadda Karu ke ciki, ta zaɓi Ahmed Aliyu Wadada na jam'iyyar SDP ya zama sanata, kujerar Majalisar Wakilai ta Karu da Keffi da Kokona ita ma SDP ta ɗauka. Bayan mako uku Gwamna Abdullahi Sule na APC ya koma kujerarsa, nasarar da Kotun Ƙoli ta tabbatar a Janairun 2024. Jama'ar da ke rarraba ƙuri'arta haka ba ta jam'iyya ɗaya ba ce, kuma ba mai unguwa ko uban gidan siyasa da zai ce tana aljihunsa. Baƙi ne daga kowace kusurwa ta ƙasar nan, masu karatu, masu sauraron labarai, waɗanda ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 ya same su a layin banki. Abin da ya dame su shi ne kuɗin mota, da haya, da ruwan sha, da sa'o'in da suke ɓatawa a cunkoson Nyanya.

Abin da ya fi damunmu wani ne dabam. Mutane da yawa da ke kwana a Mararaba sun yi rajistar zaɓe ne kusa da ofisoshinsu a Abuja, ko kuwa a garuruwan haihuwarsu. Babban Birnin Tarayya ba ya zaɓen gwamna. Ke nan ma'aikacin da katinsa ke Garki ba shi da bakin magana a kan gwamna, ko ɗan majalisar jiha, ko shugaban ƙaramar hukumar da alhakin kwalbatin ƙofar gidansa ke wuyansu. Ran zaɓe kuma an hana zirga-zirgar motoci, sai ya zauna a gida. Daga masu rajista kusan miliyan 1.9 a Jihar Nasarawa, ko sulusi bai jefa ƙuri'ar shugaban ƙasa ba a 2023. Ɗan siyasa kuwa inda ƙuri'a take can yake kai rijiyar burtsatse.

Doka ta yarda mai zaɓe ya nemi a mayar da rajistarsa inda yake zaune. Muna kira ga ma'aikata da ɗalibai mazauna waɗannan unguwanni su yi haka da zarar Hukumar Zaɓe ta INEC ta buɗe rajista, hukumar kuma ta ƙara wuraren yin ta a Karu, ta riƙa buɗe su ran Asabar saboda masu zuwa aiki. Gwamnatin Jihar Nasarawa da Ma'aikatar Babban Birnin Tarayya su ma ya kamata su zauna tare a kan sufuri da kwashe shara a wannan hanya, tun da yake jama'a ɗaya suke yi wa aiki, ɗaya da dare, ɗaya da rana.